Ku bar wa yara dodonsu

Akwai maganar da na gaji da ji daga bakin wasu abokan aikina malaman lakwal, har da iyaye: wai labarin dodo da maciji mai aman wuta ɓata lokaci ne, yaron da jarrabawar BEPC ke jira ba ruwansa da ƙarya. Ni kuwa na ce wannan maganar ce ke kashe karatu a azuzuwanmu.

A nan Baudeta, yaro ɗan shekara 14 zai haddace maka kaye guda, amma bai taɓa ƙare littafi ɗaya don jin daɗi ba. Da dare kuwa za ka iske su biyar sun haɗa kai a kan salula ɗaya, suna kallon wani ƙaton maciji mai fukafukai yana toye gari a fim ɗin Turawa. Ƙishirwar labari tana nan, mu ne muka hana su guga.

Masu cewa ƙarya ce, wa ya ce musu gaskiya ce? Kakanninmu da kansu suke rufe tatsuniya da ɗora wa Gizo laifin ƙaryar, kuma babu yaron da ya taɓa ruɗewa. Abubakar Imam ya cika Ruwan Bagaja da aljanu tun 1934, Bello Kagara ya kai Gandoki yaƙi har ƙasar aljanu, an karantar da su a makarantu shekara da shekaru. Macijin rijiyar Kusugu da Bayajida ya kashe a Daura fa? Shi ma a fitar da shi daga aji?

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne kayan aikin suna ƙofar gidanmu. A 1899 rundunar Bule da Shanuwan ta ratso Hausa tana cinna wa garuruwa wuta, daga Lugu da Birnin Ƙonni har ƙasar Tasawa, inda su biyun suka gamu da ajalinsu. Kaburburansu na nan Maijirgi. Wane dodon Turai ya kai wannan ban tsoro? Abdullahi Mamani ya rubuta labarin Sarauniya a 1980, amma da Faransanci. Marubucin da ya ɗauko wannan wutar ya sa mata fukafukai, ya haɗa ta da yarinya mai tallar fura, zai sa ɗan kwalej ya je ya tambayi kakansa abin da ya faru.

A 2025 an ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar. Madalla. To me matasa za su karanta da ita? Takardun gwamnati? Marubutanmu na Maraɗi da Damagaram, ba ƙaton littafi nake roƙo ba. Gajeren labari mai shafi biyar ko shida, wanda za a tura ta WhatsApp, malami ya karanta a aji ranar Juma'a kafin a tashi, ya tsaya daidai inda dodo ya buɗe baki.