Kuɗin da kika ba maigida: rance ne ko kyauta?

 

A makon nan wata baiwar Allah daga yankin Tudun Wada ta aiko da tambayar da ta tsaya mini a rai. Sana'arta turara shinkafa tana sayarwa. Da damina ta kama, maigidanta ya rasa kuɗin taki, sai ta kwashi adashinta, ta sayar da san da take kiwo, ta haɗa masa naira 800,000 a kan zai biya ta in an cire masara. Kafin a kai ga girbi Allah Ya yi masa rasuwa. Yanzu danginsa sun ce duk abin da ke gona da rumbu gado ne. Ba takarda, ba wanda ya ji sai ɗanta na fari. Ta ce: "Anti, kuɗina sun tafi ke nan?"

Allah Ya jiƙansa, Ya ba ki haƙuri. Irin wannan ba a kanki aka fara ba. Daga masu noman rani a Tiga ta Bebeji, zuwa 'yan kasuwar Kwanar Dangora a Kiru, har gonakin masara na Doguwa, kuɗin mata da yawa na cikin jarin mazajensu, kuma baki ne kaɗai shaida.

Abu na farko, a shari'ar Musulunci da kotunanmu na Kano ke aiki da ita, aure ba ya haɗe dukiya. Abin mace nata ne. Na biyu, ba a fara rabon gado sai an cire kuɗin jana'iza, an biya bashi, an zartar da wasiyyar da ba ta wuce kashi ɗaya bisa uku ba. Bashin mata a kan mijinta bashi ne kamar na kowa.

Mu buga lissafi. A ce mamacin ya bar dukiyar naira 4,000,000, da 'ya'ya da mata biyu. Idan bashin ya tabbata, za a fara ba ta 800,000 ɗinta. Saura 3,200,000, tumuninsu 400,000 ne, kowace mata ta ɗauki 200,000. Ta tashi da 1,000,000. Idan bai tabbata ba, tumunin 4,000,000 shi ne 500,000, a raba biyu ta samu 250,000 kacal. Ta yi asarar naira 750,000, guminta na shekaru.

To da me ake tabbatar da bashi? A mazhabar Malikiyya, a sha'anin dukiya ana karɓar shaidar maza biyu adalai, ko namiji ɗaya da mata biyu, ko shaida ɗaya tare da rantsuwar mai ƙara. Mai neman haƙƙi a kan mamaci kuma akan sa shi wata rantsuwar, cewa ba a biya shi ba, bai kuma yafe ba. Sai dai ba a karɓar shaidar ɗa ga mahaifiyarsa. Don haka 'yar'uwa, ki zauna ki tuna. Wa ya kai san kasuwa? Uwar adashi ta san dalilin ɗaukarki? Maigida ya taɓa faɗa wa mai taki, ko wani amininsa, cewa kuɗinki ne zai biya? Wanda ya ji hakan daga bakinsa shi ne shaidarki.

Ki fara da sulhu. Ki sa waliyyinki ya sami manyan dangi da limamin unguwa tun kafin a yi rabo, ko ku je ofishin Hisba. Ku tuna musu cewa biyan bashin nan sauke wa ɗan'uwansu nauyi ne. Idan abin ya faskara, kotun shari'ar Musulunci ta yankinku tana nan, kuma ana ɗaukaka ƙara. Wadda ba ta da kuɗin lauya tana iya neman shawara a ofishin Legal Aid Council ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA a Kano.

Mu kuma da mazajenmu ke raye, tun ran gini tun ran zane:

1. Ku ambaci sunan abin. Kyauta ce, rance ne, ko jari? Rance ana mayar da shi yadda yake, ba ƙari. In riba kike so, ku yi shi jari, ku yanke kason kowa, ki kuma yarda asara na iya shafarki.

2. Ku rubuta, da boko ko da ajami: adadin kuɗi, rana, lokacin biya, da sa hannunsa.

3. Shaidu biyu maza baligai, ban da 'ya'yanki da mahaifinki.

4. Ki ɗauki hoton takardar da wayarki, ki ajiye kwafi a gidanku.

5. In ta waya kika tura, ki rubuta "rance" a wurin bayani. Rasit yana nuna kuɗi sun fita ne kawai, ba ya nuna dalili.

6. Gona ko filin da kika saya, sunanki za a sa a takarda, gaban mai unguwa ko dagaci.

Na san abin da wata za ta ce: "Da wane ido zan ce wa Malam ya sa hannu?" Ki zaɓi lokacin da yake cikin nishaɗi, ki ce masa ba shi kike tsoro ba, ranar da ɗayanku ba ya nan kike tsoro. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Takardar nan shi ma kariyarsa ce, don in ke kika riga shi, 'yan'uwanki ba za su nemi fiye da abin da aka rubuta ba.

Wadda ta taɓa rubuta irin wannan da maigidanta, ta faɗa mana yadda ta ɓullo masa, wasu su ƙaru. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba abin yi idan uwar adashi ta kasa biya.

Allah Ya sa albarka a nemanmu.