Hijabi, Jallabiya da Wutar Bunsen

 

Da yawa daga cikinmu da safe muna sakandare, da yamma muna makaranta. Waɗanda suka ɗauki kimiyya sun san abin da ke jiransu a WASSCE: bayan takardun rubutu akwai jarrabawar aiki ta kemistiri, inda za a ba ka biyuret da fifet ka auna asid da alkali, a kuma ba ka wani gishiri ka gano abin da ke cikinsa. Kullum hirarmu a kan maki take. Mu kuwa muna ganin akwai abin da ya fi maki: ido biyu, hannu biyu, da fatar jiki.

Mu fara da maganar da ta fi taɓa mu, wato tufafi. Akwai makarantun da ake ce wa 'yan'uwanmu mata su cire hijabi kafin su shiga lab, har wasu sukan ji kimiyyar ma ta fita ransu. Akwai kuma masu cewa ai ba komai, a shiga da dogon hijabi yana reto. Duka biyun ba mu yarda ba. Shuɗiyar wutar Bunsen da kyar ake ganinta da rana, kuma yawancin hijaban kasuwa na leda ne, foliyesta ko nailan. Irin wannan yadi idan ya ji wuta narkewa yake yi ya manne a fata. To, me ya yi zafi? A sa gajeren hijabi na auduga, a cusa bakinsa cikin farar rigar lab, a ɓalla maɓalli har wuya. An rufe jiki, an kuma tsira. Mu maza ma ba mu kuɓuta ba: jallabiya mai faɗin hannu tana share kwalabe daga kan tebur, silifa kuma ba ya tare asid. Takalmi rufaffe shi ne magana.

Na biyu, tsotsar fifet da baki. Har yanzu ana yi, wai don ya fi sauri. Ruwan sodiyam haidroksaid da muke aunawa ɗan'uwan sodar da iyayenmu mata ke yin sabulu da ita ne, kuma kowa ya san yadda take cin hannu. Kuskuren zuƙa ɗaya ya isa. Robar da ake matsawa ta ja ruwan ba ta kai kuɗin littafi ɗaya ba.

Sauran ƙa'idojin kowannensu da dalilinsa. Asid ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba ruwa cikin asid ba, domin haɗuwarsu tana haifar da zafi, ruwa kaɗan a kan asid mai ƙarfi sai ya tafasa ya fallatso fuska. Biyuret a sauke shi ƙasa da ido kafin a cika, a yi amfani da mazurari. Bakin kwalbar gwaji idan tana kan wuta kada ya kalli kowa. Iskar amoniya ko kulorin ba a kai mata hanci, da tafin hannu ake fifito ta kaɗan. Gilashi mai zafi da mai sanyi kamarsu ɗaya. Idan wani abu ya shiga ido, a wanke da ruwa mai gudu aƙalla minti 15, a kira malami nan take, ban da ɓoyewa don tsoron faɗa. Sannan mu masu cin waakye da tuwo da hannu ne. Gishirin dalma da na bariyam guba ne, don haka sabulu kafin abinci.

Wani zai ce ai abin da Allah ya rubuta ba makawa. Gaskiya ne. Amma a makarantar nan aka koya mana cewa jiki amana ne, kuma tawakkali ba ya hana ɗaukar mataki. Wanda ya san sharuɗɗan alwala daki-daki, bai kamata ƙa'ida bakwai ta lab ta gagare shi ba.

Roƙonmu ga iyaye, sarakunan Zango da tsofaffin ɗalibai: kamar yadda ake haɗa kuɗin walimar sauka, a haɗa a saya wa ɗaliban kimiyya tabarau na kariya, farar riga da robar fifet. Ga malaman sakandare kuma: don Allah kada a bar mu sai saura mako ɗaya jarrabawa sannan mu fara taɓa kwalba. Hannun da bai saba ba shi ke rawa, mai rawar hannu kuwa shi ke zubarwa.

Allah ya tsare mu, ya ba mu sa'a. Wassalam.