Ƙaramin Makirufo A Ƙarƙashin Babbar Riga

Wata sabuwar sha'awa ta shigo wa matasanmu masu son waƙa a Kankiya da Kusada da ƙauyukan da ke kewaye da su. Ita ce sayen ɗan ƙaramin makirufon nan da ake maƙalawa a wuyan riga, wanda bai fi ƙwarar dabino ba, yana aika sauti zuwa waya ba tare da igiya ba. 'Yan jarida da masu shirya bidiyo aka yi wa shi. Amma yanzu wasu suna cusa shi cikin aljihu ko ƙarƙashin babbar riga, su shiga filin biki ko naɗin sarauta ko wasan Sallah, su naɗe waƙar mawaƙi daga farko har ƙarshe ba tare da ya sani ba. Muhawararsu kullum ita ce wanne ya fi ƙanƙanta, wanne ya fi ɗaukar murya. Ni kuwa tambayata daban ce: me ya kawo ɓoyewa?

Ba na cikin masu ganin laifin naɗar waƙa. Mu mutanen wannan yanki mun fi kowa sanin amfaninta. Alhaji Mamman Shata, haifaffen Musawa, wanda ya taɓa zama kansila a Ƙaramar Hukumar Kankiya a shekarun 1970 lokacin muna cikin tsohuwar Jihar Kaduna, mawaƙi ne da ke ƙaga waƙa nan take a gaban jama'a. Da ya rasu a 1999, abin da ya rage mana shi ne abin da aka naɗa: na gidajen rediyo, na kamfanonin faifai, da kuma na mutanen da suka riƙa ɗaukar rikoda da kaset zuwa wurin wasa. Duk waƙar da babu mai naɗa a ranar da aka yi ta, ta bi iska. Sai dai a lura da abu guda. Rikodar wancan zamani kamar ƙaramin akwati take, ba ta ɓoyuwa. A fili ake ajiye ta gaban makaɗa, kowa yana gani.

Mu fara da batun sauti, tunda shi ne hujjar masu sayen sabon makirufo. Gaskiya ne makirufon cikin waya ba ya jure kiɗa mai ƙarfi. Wayar tana rage sauti da kanta idan ya yi yawa, ta ƙara idan ya yi ƙasa, shi ya sa da an buga kalangu sai muryar mawaƙi ta nutse. Makirufo na musamman yana rage wannan matsala. Amma da zarar an ɓoye shi, an ɓata rabin amfaninsa. Yadin riga yana toshe siraran sautuka, waɗanda da su ne kunne ke bambance kalma da kalma. Shadda mai sitaci tana gogar bakinsa duk lokacin da mutum ya motsa. Mai ɓoyewa kuma ba shi da ikon zaɓen wurin tsayawa; inda cunkoso ya ajiye shi nan zai tsaya, ko kusa da janareta ne ko gindin lasifika. Ƙarshenta sai ya koma gida da tarin maƙwabcinsa da guɗar mata, baitin da ya je nema kuwa sai an kasa kunne. Makirufo mai arha da aka ajiye a fili, taku biyu daga mawaƙi, ya fi mai tsada da ke cikin aljihu.

Sai batun haƙƙi. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta bai wa mai wasa ikon amincewa ko hana naɗar wasansa da yaɗa shi. Ko da babu doka, hankali ya isa ya nuna haka. Mawaƙi ba shi kaɗai yake ci daga bakinsa ba; akwai makaɗa, akwai 'yan amshi, akwai sanƙira, kowanne da iyalinsa. Idan wani ya naɗe wasan a ɓoye ya ɗora a YouTube ko TikTok da sunan shafinsa, ya zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba mawaƙi kaɗai makirufon ke ɗauka ba. Yana ɗaukar hirar mutanen da ke gefe, da sunan wanda ya yi kyauta da adadin abin da ya bayar. A taron mata, inda ake kiɗan ƙwarya ko amada, akwai habaici da raha da aka yi domin kunnen waɗanda ke wurin kawai. Fitar da su waje na iya girgiza aure. A wannan lokaci kuma da matsalar tsaro ta sa ake zargin masu kai wa ɓarayin daji rahoto, saurayin da aka kama da na'ura ɓoye a jikinsa cikin taro yana iya shan wuya kafin a saurari bayaninsa.

Wannan ja-in-ja ba a kanmu ya fara ba. A Amurka, cikin shekarun 1970, wani mai suna Mike Millard ya shahara da ɓoye rikoda a keken guragu yana shiga wasannin manyan mawaƙa a Los Angeles. Amma ƙungiyar mawaƙa ta Grateful Dead ta bi wata hanya: a 1984 ta ware wuri na musamman domin masu naɗa, bisa sharaɗin kada su sayar. Sakamakon haka, a yau akwai dubban naɗe-naɗen wasanninta a intanet, kowanne da kwanan wata da sunan gari. Izini ne ya haifar da wannan taska.

Shawarata ga matasanmu ita ce su riƙe sha'awarsu, su sauya hanya. A sami mawaƙi ko sanƙiransa kafin a fara, a gaya wa mai biki. A ajiye na'ura inda kowa zai gan ta. A rubuta rana da gari da dalilin taro da sunayen makaɗa da 'yan amshi, domin naɗin da ba shi da wannan bayani maraya ne a hannun mai bincike. A bai wa mawaƙi kwafinsa, a kuma yi yarjejeniya kan abin da za a yaɗa. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina da sashen Hausa na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa su buɗe ƙofar karɓar irin wannan ajiya.

Akwai tsofaffin makaɗan noma da na dambe da na fada a ƙauyukanmu da ba a taɓa naɗar muryarsu da kyau ba, shekaru kuma suna tafiya. Yawancinsu za su yi murna a ce an zo da sallama ana neman adana fasaharsu. Wanda ya shiga ta ƙofa ba ya buƙatar tsallake katanga.