BAƘIN LAYIN KATIN BANKI DA AMANAR MAI NA'URA

Duk wanda ya juya katinsa na banki zai ga wani baƙin layi a bayansa. Maganaɗisu ne, irin na zaren kaset. Kamfanin IBM na Amurka ne ya fito da dabarar a shekarun 1960. A jikin layin ake rubuta lambar katin, da sunan mai shi, da lokacin ƙarewar aikinsa.

To, ga inda gizo ke saƙa. Rubutun a buɗe yake, kuma ba ya canzawa. Irin na'urar da ke rubuta katin buɗe ƙofar otal, ita ce ke iya karanta katin banki, ta adana bayanansa, ta juye su a kan wani katin. Ɓarayi kan maƙala ƙaramarta a bakin ATM, su ɓoye kyamara don ɗaukar lambar sirri. Shi ya sa wajajen 2010 bankunan Nijeriya suka koma ga kati mai 'yar ƙwaƙwalwa, wadda ke da wuyar kwafa. A 2021 kuma kamfanin Mastercard ya sanar zai raba katunansa da layin kacokan kafin ƙarshen 2033.

Sai dai gyaran kati ba ya gyara zuciya. Matashin da ke sana'ar POS, wanda tsohuwa ta miƙa wa katinta, har ta faɗa masa lambarta don ba ta iya karatu ba, amana ce aka ɗora masa. Wanda ya adana bayanan nan ya kwashe mata kuɗi ɓarawo ne, ko da abokai sun kira abin "wayo" ko "harka".

Saboda haka 'yan'uwa a kula. Mai kati ya kare lambarsa da tafin hannu, kada katin ya ɓace wa idonsa. Mai na'ura kuma ya ji tsoron Allah.