Kwantena ta shiga kwamfuta, amma a hannun wa takardunta suke?

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa jiran kaya daga tashar jirgin ruwa ta Kwatano ko ta Lome ya san kwantena. Wani Ba'amurke mai suna Malcom McLean ne ya yaɗa wannan dabara, lokacin da jirginsa ya ɗauki kwantena 58 daga Newark zuwa Houston a shekarar 1956. Amfaninta shi ne girmanta ɗaya ne a ko'ina, sai a sauke ta daga jirgi a ɗora ma mota ba tare da an kwance kaya ba.

Wannan hikima ce masanan kwamfuta suka ara. A da, manhaja, wato shirin aikin da kwamfuta take bi, takan yi aiki lafiya a na'urar wanda ya rubuta ta, amma da an kai ta wani biro sai ta ƙi, saboda wani abin da take dogara da shi babu shi a can. A shekarar 2013 kamfanin Solomon Hykes, matashin da ya tashi a Faransa, ya fito da Docker, wanda yake ƙunshe manhaja da dukan abin da take buƙata cikin ɗauri guda. Shi ma kwantena ake ce masa.

To amma banki ko babbar ma'aikata ba kwantena ɗaya suke gudanarwa ba, kuma ba a bisa na'ura ɗaya ba. Akan haɗa kwamfutoci da yawa su zama ayari, ayari kuwa sai da madugu. Madugun da ya fi shahara shi ne Kubernetes, wanda kamfanin Google ya saki kyauta a 2014, aka kuma miƙa shi ga wata gidauniya ƙarƙashin Linux Foundation a 2015. Sunan na Girkanci ne, ma'anarsa matuƙin jirgin ruwa. Shi yake zaɓa ma kowace kwantena na'urar da za ta zauna, idan kuma wata na'ura ta mutu sai ya tayar da kwantenoninta a bisa wata.

Sai dai madugun nan ba ya aiki da ka, abin da aka rubuta masa kawai yake bi. Injiniya yakan rubuta ƴan takardun umarni da suke faɗin kwantena nawa ake so, yawan ƙarfin na'ura da kowace za ta ci, ƙofar da jama'a za su shiga, da wurin da za a ajiye bayanai. Da su ne ake daidaita manhaja guda ta dace da kanti a Maraɗi ko ma'aikata a Yamai, ba tare da an taɓa cikinta ba.

A nan ne haɗari yake. Na farko, kwantena ba rumbu ba ce: idan aka rushe ta aka tayar da sabuwa, abin da aka rubuta a cikinta ya tafi, sai fa in an haɗa ta da ma'aji na dabam tun farko. Wanda ya bar lissafin bashinsa a ciki zai wayi gari babu shi. Na biyu, makullai. A 2018 masu bincike sun bayyana cewa ɓarayi sun shiga ayarin kamfanin motoci na Tesla ta wata ƙofar Kubernetes da aka bari ba kalmar sirri, suka yi ta amfani da na'urorin don haƙar kuɗin intanet. Na uku, tsufa. Sau uku a shekara ake fitar da sabon Kubernetes, kuma kowane fitowa shekara ɗaya da ƴan watanni ake kula da gyaransa, daga nan sai mai shi ya sabunta.

Saboda haka, darekta ko attajirin da aka kawo ma irin wannan aiki ya kamata ya yi tambaya uku kafin ya sa hannu a kwangila. Shin za a miƙa masa takardun umarnin da makullan duka? A ina bayanai suke kwana, kuma an taɓa gwada maido su bayan ɓata? Wane ne cikin ma'aikatansa za a koya ma aikin har ya iya sabunta shi da kansa?

Ɗan kasuwa ya san cewa kwantenar da ta iso duwan ba takardu, ba tasa ba ce tukuna. Haka nan ma'aikatar da ta biya miliyoyin sefa ta bar takardun umarni a hannun ɗan kwangila, ranar da suka ɓata da shi za ta sake biya kafin ta buɗe kayanta. Allah ya sa masu sa hannu su kula.