Kada A Saki Igiya Sai An Ga Kuɗi

Da can shaidar ciniki dillali ne da fatoma. Yau ta koma cikin salula, macuta kuma sun bi ta can. Bara a kasuwar Maigatari na saki bijimai biyu don saƙon kuɗi ya shigo wayata. Da na je banki, ko sisi babu, ashe saƙon jabu ne.

Ni a ganina ƙungiya ta kafa doka: ba a sakin igiya sai mai dabba ya duba asusunsa da kansa. Lambar sirri kuwa ko ɗanka kar ya sani, banki ba ya tambayarta a waya. Katin ɗan ƙasa ma kar ka ba wani ya yanki layi da shi. In ya yi zamba, kai jandarma za su kama.

Allah Ya tsare mana dukiya, amin.