Masu Kukan Jari, Ina Littafin Lissafinku?

Kwanan baya wani babban jami'i ya hau rediyo ya sake rera mana tsohuwar waƙar nan da kunnuwa suka gaji da ita, wai manoman albasa da 'yan kasuwar Aliero da Jega da Maiyama ba abin da ya hana su bunƙasa face rashin jari, kuma wai da zarar an sako rance, shi ke nan, an gama magana. Jama'a suka yi ta tafi, domin ba abin da ya fi daɗi a kunnen ɗan Adam kamar a gaya masa cewa aibin na aljihunsa ne, shi kuwa tsarkakakke ne. Ni da Allah bai hore wa baiwar tafi ba, cewa nake yi wannan magana ɓata ce, kuma masu yaɗa ta sun fi kowa sanin haka.

A wane gari aka ƙaddamar da shirin rancen manoma na Babban Bankin Nijeriya a watan Nuwamba na 2015, in ba a Birnin Kebbi ba? Shugaba Muhammadu Buhari da kansa ya zo, aka raba iri da taki da injin ban ruwa, shinkafa ta yi albarka, har Kebbi da Legas suka haɗa gwiwa suka fitar da tasu kasuwa a 2016. Amma da wa'adin biya ya cika sai aka shiga neman mutane ruwa a jallo, waɗansu na cewa ambaliya ce ta cinye, waɗansu kuwa tun ranar farko sun ƙudurta a zuci cewa ganima ce ta faɗo musu. Jari kam ya zo. Tadbiri ne bai biyo shi ba.

A dubi albasa, wadda da ita aka san Aliero har ƙasashen maƙwabta. Kowa ya dasa a lokaci ɗaya, kowa ya cire a lokaci ɗaya, kowa ya kwaso ya jibge a kasuwa a mako ɗaya, sa'an nan a koma gefe ana mamakin faɗuwar farashi kamar wata musiba ce da ta sauko daga sama, alhali kuwa haka take faruwa kowace shekara tun kakanni na raye. Wanda ya yi haƙuri ya zuba a rudu domin jiran tsadar damina, galibi bai san buhu nawa ya shiga ba, balle ya san nawa ya ruɓe, balle ya auna ko ribar jira ta rufe asarar ruɓewa. In kuwa ciniki ya faɗa, kuɗin albasa da kuɗin cefane aljihu ɗaya suke kwana, daga nan a sayi babur, a ƙara aure, a yi hidimar suna wadda za a daɗe ana labarinta daga Kuberi har Maiyama, kaka mai zuwa kuma a koma wurin dillali a karɓi bashin iri da sharaɗin da shi ya ga dama. A ninka wa irin wannan mutum jari sau goma, asararsa kawai aka ninka.

Na san za a ce mini talaka bai yi boko ba, ina zai san ilmin tafiyar da kasuwanci. Wannan uzuri ko amsa bai cancanta ba. Fataken da suka mai da Jega babbar kasuwa tun zamanin Buhari ɗan Abdussalami, suna ratsawa zuwa Gwanja fataucin goro, wace jami'a suka shiga? Ayarinsu yana da madugu mai yanke shawara, da jagaba mai wucewa gaba ya duba hanya da zango, da uban dawaki mai kula da abin da za a biya sarakunan hanya, da malamin ayari mai alƙalami. Shiri da rabon aiki da umarni da sa ido, waɗanda Bafaranshen nan Henri Fayol ya jera a littafinsa na 1916 har ake haddace su domin cin jarrabawa, madugai sun yi aiki da su a bayan jakuna. Kuma wanda ya zauna gaban malam ya sauke Risala ya san hukuncin ƙirali, wato ba da jari a raba riba, ya san cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani mai girma umarni take yi da a rubuta bashi, a kafa masa shaidu.

Amma ina, mu sai taron bita. A tara mutane a otal a Birnin Kebbi, a ɗauko masani daga Abuja wanda bai taɓa shaƙar warin ruɓaɓɓiyar albasa ba, ya yi ta zuba Turanci a majigi, a raba jakunkuna da kuɗin zama, a ɗauki hoto, a watse. Masu shirya irin wannan taro su ne magadan mutanen da tun zamanin En'e suke kallon duk ilmin da aka rubuta da ajami a matsayin jahilci, suka raba ɗan kasuwa da allonsa ba su ba shi komai a madadi ba. Yau ga jami'ar kimiyya da fasaha a cikin Aliero kanta tun 2006, gonakin albasa kewaye da ita, jami'inmu kuwa yana rediyo yana yi wa manoma albishir da sabon bashi.